Jitar Lantarki Ƙirar Gida: Nazari kan Saitin Wuya da Al'adar Duba Aikin Juna

Ƙera jitar lantarki a gida, don sha'awa ba don kasuwa ba, al'ada ce da ta kafu a Amurka da Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ta bazu zuwa Jamus da Japan da sauran ƙasashen da kiɗan jita ya samu gindin zama. Galibin masu yin ta ba kafintoci ba ne, ba su kuma gaji sassaƙa ba. Ma'aikata ne da malamai da ɗalibai da dattawan da suka ajiye aiki, waɗanda ke keɓe maraice da ranakun hutu su shiga gareji su yi ta yanka da gogewa tsawon watanni kafin jita guda ta fito. Abin da ya bambanta wannan aiki da sauran sana'o'in hannu shi ne rashin ubangida, domin mai koyo ba ya zama gaban gwani shekara da shekaru yana kallon hannunsa, sai dai ya dogara da littafi da abin awo da hukuncin waɗanda suka riga shi gwadawa. Wannan hukunci na 'yan'uwa shi ne makarantar al'adar, kuma a cikinsa ƙarfinta da rauninta suke, saboda ingancin jita yana ɓoye a wuyanta, cikin tazarar da ba ta kai rabin milimita ba, alhali abin da ke saurin jawo yabo shi ne ƙyallin fenti da zanen katako, waɗanda yatsan makaɗi bai san da zamansu ba.

Jitar lantarki ta ƙunshi gangar jiki, wadda yawanci curin katako ce marar rami, da wuya, wato dogon hannun da makaɗi ke riƙewa, da kai, inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke. A fuskar wuya akwai allon yatsu, wanda aka gicciya masa siraran ƙarafa 21 zuwa 24 da ake kira firet, kuma idan aka danne tsirkiya a bayan ɗayansu sai tsawonta mai kaɗawa ya ragu, sautin ya hau. Tsirkiyoyin shida suna hawa wuri biyu: daga sama ɗan guntun ƙashi ko roba mai tsaga shida, wanda za a kira matashi a wannan nazari, daga ƙasa kuma jaki, kamar dai na goge, sai dai wannan na ƙarfe ne, yana ɗauke da sirada da ake ɗagawa ko matsarwa da noti. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ake girka fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kimanin zagaye 8,000 a irin na kamfanin Fender, kuma kaɗawar tsirkiyar ƙarfe a gabansa ita ke haifar da ɗan lantarkin da amfilifaya ke ƙarfafawa ta miƙa wa lasifika.

Wannan siffa ta curin katako ce ta ba ɗan koyo damar shiga. Jita mai rami tana bukatar a sirance katako har ya koma milimita biyu ko uku, a tanƙwara gefuna da zafi, a manna 'yan sanduna a cikinta bisa ƙwarewar da ba ta samuwa sai da daɗewa, amma mai curin katako ba ta neman ko ɗaya daga ciki. Wajen 1940 makaɗin nan Les Paul ya ɗaura wuya da fikof a kan guntun gungume mai faɗin inci 4, ya maƙala masa gefunan wata jita don ya yi kamannin da jama'a suka saba gani, a 1948 kuma Paul Bigsby, wanda asalinsa mai aikin babura ne, ya ƙera wa makaɗi Merle Travis jita marar rami. Wanda ya mai da abin masana'anta shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Kalifoniya, wanda shi kansa ba makaɗin jita ba ne. Jitar da ya fitar a 1950, wadda ta ɗauki sunan Telecaster a 1951, da Stratocaster ta 1954, duk wuyansu da noti huɗu aka ɗaure shi a wani gurbi da aka rarake a jiki, saɓanin kamfanin Gibson da ke manna wuya da gam, kamar yadda ya yi a samfurin Les Paul na 1952. Manufar Fender ita ce rage kuɗin ƙira da sauƙaƙa gyara, ta yadda idan wuya ya lalace a kwance shi a sa wani, amma abin da ya biyo baya ya zarce manufar, domin duk abin da ake kwancewa da sukuddireba, mutum zai iya haɗa shi a ɗakinsa.

Daga nan al'adar ta yi reshe biyu, kuma kowane reshe yana da gwarzon da mabiyansa ke ambata. Na farko shi ne haɗa sassan da aka saya, kuma babban misalinsa jitar makaɗi Eddie Van Halen ce ta shekarun 1970, wadda ya sayi jikinta a kan dala 50 da wuyanta a kan dala 80, ya rarake gurbi ya sa mata fikof na Gibson, bayan ya tsoma shi cikin narkakken kakin kyandir don ya hana wayar ciki rawa da ƙara. Na biyu shi ne farawa daga ɗanyen katako, kuma a nan Brian May na ƙungiyar Queen ake kawowa, wanda ya fara ƙera tasa tare da mahaifinsa Harold a 1963, suka shafe kusan shekara biyu a kanta. Wuyan daga katakon mahogani na wani tsohon murhun ɗumama ɗaki aka sassaƙo shi, alamomin allon yatsu daga maɓallan riga, na'urar sassauta tsirkiya kuwa da sifirin na injin babur aka haɗa ta, kuma da ita ya yi kiɗa a mafi yawan rayuwarsa ta waƙa. Akwai masu raina reshen farko suna cewa ɗaure noti ba ƙira ba ce, amma wannan raini ba shi da tushe, domin wanda ya sayi wuya da jiki ya tsallake aikin zarto ne kawai, aikin da ke tabbatar da jita ko ya kashe ta yana nan gabansa bai ragu ba.

Kasuwa da rubutu sun bi sahun masu sha'awar. Kamfanin Stewart-MacDonald na jihar Ohio, wanda aka kafa a 1968, ya zama babban mai sayar da kayan aikin wannan fanni, ƙungiyar maƙeran kayan tsirkiya ta Guild of American Luthiers ta kafu a 1972 bisa aƙidar cewa gwani ya bayyana abin da ya sani maimakon ya ɓoye, kamfanin Warmoth ya fara sayar da wuya da jiki a 1980, littafin Melvyn Hiscock kan yadda mutum zai ƙera jitarsa kuma ya fito a Ingila a 1986. Gurbin wuyan Fender, mai faɗin milimita 55.6 da zurfin kusan 16, ya zama mudun da kowa ke awo da shi, a 2009 kuma hukumar alamun kasuwanci ta Amurka ta ƙi amincewa da buƙatar kamfanin ta mallake siffar jikin jitocinsa. Ya kamata a lura cewa ba neman araha ke kai mutum wannan aiki ba, domin tun da aka fara fitar da jitocin Squier masu araha a 1982, jitar masana'anta mai kyau ta fi ta gida sauƙin kuɗi idan aka lissafa kayan aiki. Wannan ne ya raba al'adar da abin da aka sani a Sahel, inda Mdou Moctar na Nijar da Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen kowannensu ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda babu wadda zai samu. Nasu larura ce ta yaron da ke son kiɗa, wancan kuwa zaɓi ne na wanda ke son ya san cikin abin da yake kaɗawa.

Lissafin wuya yana farawa daga tsawon tsirkiya tsakanin matashi da sirdi, wanda yake milimita 648 a ƙirar Fender, kimanin 628 a ta Gibson. Ana raba wannan tsawo da 17.817 don a samu mazaunin firet na farko, wato milimita 36.4 daga matashi a ƙirar Fender, sai a cire wannan a sake raba abin da ya rage da adadin nan, a samu 34.3, haka har ƙarshe, kuma idan lissafi ya yi daidai firet na 12 zai faɗa tsakiyar tsirkiya cif, a milimita 324. Tazarar tana raguwa har ta koma kusan milimita 11 a ƙarshen allo, saboda haka kuskuren rabin milimita da kunne zai yafe a firet na farko yakan fito fili a can. Yawancin masu farawa suna sayen allon da inji ya riga ya tsaga, kuma wannan hikima ce, ba abin kunya ba. Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne huda ramukan jaki kafin a ɗaura wuya, domin mazaunin jaki daga firet na 12 ake auno shi, layin tsakiyarsa kuma daga gefunan wuya ake janyo shi, kuma idan aka saɓa sai a tarar da tsirkiya ɗaya tana neman zamewa daga bakin allo, ɗaya kuma ta shige ciki.

Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 45 ko fiye, dare da rana, kuma babu siririn katakon da zai jure wannan har abada bai tanƙware ba. Maganin shi ne sandar saiti, wato sandar ƙarfe da ake binnewa cikin wuya daga kai zuwa gindi, mai noti a baki ɗaya, wadda Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ya nemi rajistarta a 1921. Fender da kansa ya fitar da jitocinsa na farko a 1950 ba tare da ita ba, bai daɗe ba ya koma ya sa ta. Idan aka ɗaure notin sai sandar ta ja wuya baya ta yi jayayya da tsirkiya, idan aka sassauta sai tsirkiya ta yi rinjaye. Abin da ake nema ba miƙewa sosai ba ce, domin tsirkiyar da aka kaɗa ta fi yin lilo a tsakiyarta, saboda haka ana barin tsakiyar wuya ta ɗan lotsa don ta ba ta fili. Ana auna wannan lotsawa ta hanyar danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ta zama miƙaƙƙen layi, sannan a zura siraran ƙarafan awo, irin waɗanda makanikai ke saita fulogi da su, tsakaninta da firet na 8. Adadin da Fender ke bayarwa ga yawancin jitocinsa na yanzu shi ne milimita 0.25. Idan babu tazara ko kaɗan, ko wuyan ya yi doro a tsakiya, tsirkiya za ta riƙa bugun firet na farko-farko tana ziza, idan kuma tazarar ta yi yawa sai tsakiyar wuya ta yi tauri a hannu. Ana juya notin rubu'in zagaye ko ƙasa da haka, a sake ɗaure tsirkiya daidai, a jira katako ya amsa, sannan a sake aunawa.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe, domin suna ɗaukar sandar saiti a matsayin abin rage tsayin tsirkiya, su yi ta ɗaurewa har noti ya cinye ko sandar ta karye a cikin katako, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Aikin sandar siffar wuya ce kawai, kuma ƙarfinta ba ya kaiwa sashen da ya shige cikin jiki. Tsayin tsirkiya aikin sirada ne, kuma Fender na ba da kimanin milimita 1.6 a firet na 17 a matsayin mafari. Idan aka sauke sirada har ƙasa amma tsirkiya na nan sama, ko aka ɗaga su iyaka amma tana kwance a kan firet, to matsalar kusurwar da wuya ya zauna ce a gurbinsa. A ƙirar Fender ana kwance wuya a sa ɗan siririn katako mai gangare na rabin digiri ko ƙasa da haka, kuma wanda ya cika gurbin duka ya fi guntun kwali, domin kwali yana barin rata a ƙarƙashin gindin wuya. A ƙirar Gibson kuwa, inda wuya ke zama a kusurwar kimanin digiri 4 saboda tudun fuskar jiki da tsayin jaki, da zarar gam ya bushe aikin gama ya gama, shi ya sa ake nasiha ga mai son wannan ƙira ya zana jitar duka ta gefe a takarda, da girmanta na ainihi, kafin ya taɓa zarto.

Sauran saitin yana bin wannan a jere, kuma jerin ba na ado ba ne, domin kowane gyara yana sauya abin da ke bayansa. Bayan lotsawa da tsayi sai matashi: a danne tsirkiya a firet na 3 a duba ko akwai 'yar rata da ƙyar ake ganinta a kan firet na farko. Tsagar da ba ta yi zurfi ba tana sa yatsa ya miƙar da tsirkiya wajen dannewa, sautin farkon wuya ya haura, wadda ta zarce kuma tana sa tsirkiya ziza ko ba a danne ta ba, kuma magagari ba ya mai da abin da ya ci. Sai daidaiton sauti, wanda ya samo asali daga cewa dannewa kanta tana ƙara wa tsirkiya ɗauri, don haka ake matsar da sirdi baya kaɗan, milimita ɗaya ko biyu ga siririya, fiye da haka ga mai kauri, har sautin firet na 12 ya yi daidai da ninkin sautin sakakkiyar tsirkiya. Na ƙarshe shi ne tsayin fikof, domin maganaɗisun da ya matso da yawa yana jan tsirkiya ya hana ta lilo daidai, a ji sauti yana rawa a ƙasan wuya, kuma an sha ganin wanda ke ta wahala da sirada alhali sauke fikof milimita ɗaya ne maganin.

Duk wannan yana tsaye ne a kan sharaɗi guda, wato kawunan firet su zama daidai da juna. Firet ɗaya da ya ɗara 'yan'uwansa da sulusin kaurin takarda ya isa ya tilasta a ɗaga tsirkiyoyi duka, kuma ana gano shi da ɗan miƙaƙƙen ƙarfe da ke hawa firet uku, wanda zai yi tangaɗi in na tsakiya ya fi tsayi. Daidaita su aiki ne mai cin rai: a miƙe wuya sarai, a shafa tawada a kan kowane firet, a bi da doguwar sanda mai sanfefa har tawadar ta goge ko'ina, sannan a sake zagaye kan kowannensu da magagari don tsirkiya ta taɓa shi a tsakiya, a goge ya yi santsi. Akwai kuma ƙundun allon yatsu, wanda ake bayyanawa da rabin faɗin da'irar da aka yanko shi daga cikinta, milimita 184 a tsofaffin Fender, 241 a na zamani, 305 a Gibson. Allo mai ƙundu sosai yana da daɗin riƙo, amma idan makaɗi ya tura tsirkiya gefe don ya ja sauti sai ta hau tudun allon ta mutu, sai dai a ɗaga ta. Jitar da aka haɗa daga sassa masu tsada ba tare da wannan aikin ba takan kasa ta masana'anta mai araha, kuma wannan gaskiya ce da mai aikin ba ya son ji.

Katako kuma yana numfashi da iska ko bayan an shafe shi. Maƙera suna neman wanda damshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, suna sassaƙa wuya a hankali suna barin sa ya kwana biyu tsakanin yanka da yanka, don ya fitar da karkatar da ke cikinsa tun da sauran abin gyarawa. Idan iska ta bushe allon yatsu yana tsukewa amma ƙarfe ba ya bin sa, sai bakunan firet su fito suna yankar hannu, abin da duk mai jita a Kano ko Damagaram ya sani idan hunturu ya kama. Wani sashe na katakon wannan sana'a daga Afirka yake fitowa: mahoganin Afirka dangin maɗaci ne, baƙin katakon allon yatsu dangin kanya ne kuma mafi yawansa daga Kamaru, inda kamfanin Taylor da abokin hulɗarsa suka sayi masana'antar yanka a Yawunde a 2011, sannan katakon korina da Gibson ya yi jitar Flying V da shi a 1958 na dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Lokacin da yarjejeniyar CITES ta sa dangin katakon rozwud duka ƙarƙashin takunkumi a 2017, masu ƙirar gida da yawa suka koma ga itatuwan ƙasashensu, kuma jitocinsu ba su ragu da komai ba.

Wannan ya kawo zancen muhawarar da ta fi cinye lokacin masu duba aikin juna, wato ko irin katakon jiki yana sauya sautin jitar lantarki. Ana jin bayanai masu tsawo cewa wannan itace sautinsa mai ɗumi ne, wancan mai kaifi, amma kamfanin Danelectro ya yi jitoci da allon garin katako tun shekarun 1950, manyan makaɗa irin su Jimmy Page suka yi aiki da su, a 1969 kuma kamfanin Ampeg ya fitar da mai jikin roba garai-garai. Manfred Zollner na Regensburg, wanda ya shafe shekaru yana awon jitar lantarki a ɗakin gwaji, ya nuna cewa tasirin katakon jiki ƙarami ne idan aka gwada shi da na tsirkiya da fikof da amfilifaya. Binciken Helmut Fleischer a Munich kuwa ya gano cewa wuraren da sauti ke saurin mutuwa a wasu firet suna da nasaba da girgizar wuya, wanda ya fi jiki siranta da saurin amsawa. Ma'ana, inda katako ke da magana a sauti, ta wuya ya fi yin ta. Abin takaici ne a ga sabon maƙeri ya kawo jitarsa ta farko an cika shi da gardamar itace, ba wanda ya tambaye shi nawa ya auna a firet na 8.

Dalilin wannan karkata a fili yake. Fenti da zanen katako da tsabtar haɗi ido na ganinsu daga nesa ko a hoto, kuma mai aiki ya sha wahalarsu, domin irin fentin nan na nitiro da aka aro daga masu fentin mota yana bukatar shafi bisa shafi da jiran makonni kafin a goge shi, saboda haka yabonsa ba laifi ba ne. Amma ko da yake ido ya san kima, a wannan sana'a ba ya zama mudu, kuma mai duba na ƙwarai da tambaya yake farawa. Idan aka ce masa jita tana ziza, zai nemi a gaya masa a wane firet, a wace tsirkiya, da kaurinta, da lotsawar da aka auna, da kuma ko zizar tana fitowa ta lasifika ko a ɗaki kawai ake jin ta, domin ziza a farkon wuya sanda take nunawa, a ƙarshensa sirada ko kusurwa, a wuri guda tak firet mai tsayi, a sakakkiyar tsirkiya matashi. Haka yake yi da gunjin lantarki: idan taɓa tsirkiya bai rage shi ba, mai yiwuwa an manta wayar da ke haɗa jaki da ƙasa, idan kuma taɓawar ƙara shi take yi, an juya wayoyin soket. Irin wannan tambaya tana koya wa mai aiki hanyar tunani, ta yadda gobe zai gano matsalar da kansa, abin da yabo ko kushe ba sa yi. A gefe guda, ita kanta zizar aibi ce bisa al'ada kawai, domin a garaya da wasu kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da gangan ake maƙala ƙananan ƙarafa don su yi kacau-kacau, kuma ko a jitar lantarki akwai makaɗan da ke karɓar 'yar ziza don su samu tsirkiya ƙasa-ƙasa.

Lokacin da aka nemi shawara ma yana da nauyi kamar shawarar kanta. Mafi yawan masu farawa sai sun gama suke nunawa, lokacin da babu abin da ya rage sai taya murna ko ɓata rai, alhali kurakuran da ba su gyaruwa, irin su mazaunin jaki da kusurwar wuya da zurfin ramin sandar saiti, duk a takarda ake kama su. Gogaggu sun fi son a kawo musu zane da allon gwaji da aka yanka a katako mai araha, kuma sukan bambanta wa mai aiki abu uku a fili: abin da zai hana jitar kaɗuwa, abin da za a iya gyarawa da yamma ɗaya, da abin da ra'ayi ne kawai, kamar launi ko siffar kai. Wanda ya cakuɗa waɗannan, ya yi maganar launi da zafin da ya kamata ya yi maganar jaki, ya cuci mai koyo ko da duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Haka nan wanda ya ga gurbin wuya ya yi sako-sako ya yi shiru don kada ya kashe wa mutum gwiwa, domin mutumin zai maimaita shi a jita ta biyu. Abu ɗaya da al'adar ba ta sassauci a kansa shi ne manna tambarin Fender ko Gibson a kan ƙirar gida, saboda jita tana daɗewa fiye da mai ita, kuma wata rana za ta shiga hannun wanda zai saye ta da zaton ta asali ce.

Duk da haka alƙaluman da kamfanoni ke bayarwa mafari ne, ba hukunci ba. Mai kaɗawa da ƙarfi yana bukatar lotsawa da tsayi fiye da mai taɓawa a hankali, mai sauke ɗaurin tsirkiya don sauti ya yi kauri yana bukatar wani saitin dabam, kuma akwai abubuwan da babu ƙarfen awon da ke kama su, kamar kaurin bayan wuya a tafin hannu, da kaifin gefen allo, da ko kan jitar yana rinjayar jiki ya sunkuya idan an rataye ta. Mai ƙira ba ya jin waɗannan da kyau domin hannunsa ya saba da wuyan tun yana ɗanyen katako, shi ya sa ake miƙa jitar ga makaɗin da bai san wahalar da aka sha ba, a bar shi ya kaɗa ta daga firet na farko zuwa na ƙarshe, a lura da inda hannunsa ke tsayawa. Ko wannan ma ba a ranar da aka gama ake yanke shi ba, domin sabon wuya yana ci gaba da motsi makonni bayan an ɗora masa nauyin tsirkiya, tsagogin matashi suna zama, notunan gurbi suna neman ƙari. Gogaggu kan ce wa mai jita ya dawo da ita bayan ta ga lokacin bushewa da na damshi, a sake auna lotsawa, a shafa bakunan firet, a duba ko sandar saiti tana da sauran juyi ta kowane ɓangare, sannan a faɗa masa ko katakon wuyan ya zauna ko kuwa sai ya sassaƙa wani.